Ƙarfin Manne Magani da Agogon Majina

Ɗigon maganin ido ɗaya yakan kai mikrolita 30 zuwa 50, alhali ruwan da ke kwance a kan ido bai wuce mikrolita 7 zuwa 10 ba. Shi ya sa da an ɗiga sai ka ga ya gangaro kan kunci. Abin da ke ratsawa cikin idon bai cika kai kashi 5 cikin 100 ba. Hanci ma haka yake: cikin minti 15 zuwa 20 majina ta share abin da aka fesa, ta tura shi maƙogwaro.

Wannan asara ce ta sa masu haɗa magani ke neman sinadari mai danƙo daga tsirrai da dabbobi, wanda zai kama yauƙin jiki ya riƙe maganin a wurin. A 1984 John Smart da abokan aikinsa a Birtaniya suka shafa irin waɗannan sinadarai a jikin fallen gilashi, suka tsoma shi cikin yauƙin hanji, sannan suka auna ƙarfin da ake bukata kafin a ɓamɓaro shi. A wannan awon, ƙaron taragakan ya samu maki kusan 154, aljinet na ciyawar teku 126, jelatin 116, fektin na ɓawon 'ya'yan itace 100. Ƙaron dakwara, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke fitarwa duniya, ya tsaya wajen 98. Na so a ce namu ne a sama, amma awo ya nuna danƙonsa bai kai ba.

Kaitosan, da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wata hanya yake bi. Cajinsa na lantarki kishiyar na yauƙi ne, sai su jawo juna. Sai dai da ma'aunin tsami na pH ya haura 6.5, wato tsami ya ragu, cajin ya ragu, ya daina narkewa sosai.

A nan nake jan hankali. Kusan kashi 95 cikin 100 na yauƙi ruwa ne, kuma jiki na sabunta shi ba dare ba rana. Yauƙin da ke cikin kwanon gwaji a zaune yake, ba haɗiya, ba ƙiftawa, ba atishawa. Sinadari na iya manne masa gam, amma idan yauƙin ya tafi, tare za su tafi. Don haka duk wanda ya nuna maka adadin ƙarfin mannewa, ka tambaye shi minti nawa maganin ya zauna a jikin mai rai.