Neman Likitan Iyali Ya Zama Jidali A Birnin Kingston

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, ɗaruruwan mutane suka yi dogon layi a ƙofar wani ƙaramin asibiti a birnin Kingston da ke Jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, wasu tun kafin asuba, cikin tsananin sanyin hunturu. Yawancinsu ba ciwo ne ya kawo su ba. Labari suka ji cewa likitocin wurin za su karɓi sababbin mutane, kowa na so sunansa ya shiga rajista kafin a rufe. Haka kuma aka yi a garin Walkerton na jihar cikin Janairun 2025, inda jama'a suka tsaya cikin dusar ƙanƙara saboda sabon likita guda da zai ɗauki mutum 500 kacal.

Mai karatu zai so sanin abin da ya sa mai lafiya zai sha wannan wahala, alhali a Kanada gwamnati ce ke biyan kuɗin ganin likita. Dalili kuwa shi ne, likitan iyali shi ne ƙofar shiga. Shi ke riƙe da tarihin lafiyar mutum, shi ke lura da hawan jini da ciwon sukari, shi ke sabunta takardar magani, kuma galibi sai da wasiƙarsa ake ganin ƙwararren likitan zuciya ko na ƙashi. Wanda ba shi da shi, sai dai ya nufi asibitin sha-ka-tafi, inda duk zuwa sai ya faro bayani daga tushe ga baƙuwar fuska, ko kuma ya kwana a sashen taimakon gaggawa yana jiran layi.

Wani bincike da aka yi a 2022 ya nuna cewa baligai kamar miliyan 6.5 a Kanada ba su da likitan iyali, watau fiye da mutum 1 cikin kowane 5. A 2024 Ƙungiyar Likitocin Iyali ta Ontariyo ta ce adadin a jihar kaɗai ya kai miliyan 2.5. Abin mamaki game da Kingston shi ne, a cikinta Jami'ar Queen's take, wadda ke yaye likitoci tun ƙarni na 19. Duk da haka, da likitoci 6 na asibiti guda suka yi ritaya cikin Mayun 2023, mutum sama da 8,000 suka wayi gari ba mai duba su.

Matsalar ta samo asali da nisa. A farkon shekarun 1990 gwamnatocin jihohi suka ɗauka likitoci sun yi yawa, suka rage ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da kashi 10 cikin ɗari. Rage ɗalibai aikin rana ɗaya ne, amma samar da likitan iyali kan ci kusan shekara 10 bayan sakandare. Har ila yau, jama'a ta ƙaru, tsofaffi sun yi yawa, likitocin da ke bakin aiki su ma suna tsufa. Matasa kuwa sun fi karkata ga wasu fannoni, domin likitan iyali shi ke biyan hayar ofishi da albashin ma'aikatansa, ga kuma aikin cike takardu, wanda ƙungiyar ta ce yana cinye masa awa 19 a kowane mako.

Mai nema yakan fara ne da rubuta sunansa a rajistar jira da gwamnatin jihar ta buɗe a 2009, mai suna Health Care Connect, inda ake gabatar da masu tsananin buƙata. Da yake jiran kan yi tsawo, mutane sukan haɗa da buga waya asibiti-asibiti, da tambayar maƙwabta da masu sayar da magani ko sun ji labarin sabon likita. Wasu sukan yi rajista da manyan ma'aikatan jinya da doka ta ba ikon duba marar lafiya da rubuta magani. Tun Janairun 2023 ma an yarje wa masana haɗa magunguna su rubuta maganin wasu ƙananan cututtuka.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Majalisar birnin Kingston ta yi tayin Dala 100,000 ga likitan iyalin da ya yarda ya zauna ya yi aiki shekara 5. A Janairun 2025 gwamnatin Ontariyo ta ba da sanarwar shirin Dala biliyan 1.8, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Jane Philpott, tsohuwar Ministar Lafiya ta Tarayya, da nufin sama wa kowa likita ko tawagar ma'aikatan lafiya nan da 2029. An kuma sauƙaƙa wa likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje hanyar samun lasisi.

Wannan mataki na ƙarshe ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin Kanada na cikin ƙasashen da likitocinta ke ƙaura zuwa. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5. Ƙasa mai arziki da ta yi kuskuren lissafi tana iya cike giɓinta da likitocin da wasu suka horar. Wadda aka kwashe wa nata kuwa ba ta da inda za ta waiwaya, sai dai ta horar da yawa, ta kuma kyautata albashi da kayan aiki yadda za su zauna.