Gidan Fatoma da Baƙon Zamani: Makomar Tsofaffin Soraye a Kudancin Kano

Duk wanda ya lura da sha'anin tafiye-tafiye a wannan zamani zai tarar wani irin masauki ya yawaita a tsofaffin biranen Musulmi, musamman Fas da Marrakesh na ƙasar Maroko da tsohon garin Zanzibar, inda akan ɗauki gidan wani attajiri ko alƙali na dā, a gyara shi bisa asalin fasalinsa, a mai da 'yan ɗakunansa wurin saukar baƙi masu biyan kuɗi. Baƙo yakan yi kalaci a tsakar gida, ya ji kiran salla daga masallacin unguwa, mai gidan kuma ya san sunansa da abin da ya kawo shi. Ko a Agadas ta Nijar, wadda hukumar UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, akwai otal ɗin Air daura da babban masallaci, cikin wani tsohon gini.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Kano, kuma da wuya a sami garin da ya fi Bebeji cancantar ba da shaida a kansa. Gari ne mai ganuwa a kan hanyar Zazzau, wanda Baturen nan Clapperton ya ratsa a 1826 ya same shi cike da 'yan kasuwa, kuma ƙofarsa ce sojojin Ingila suka fasa da igwa kafin su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Garin da ayari ke yada zango kuwa ba ya rasa fatoma, watau maigidan da ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya da kuɗi bisa amana, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Liyafar kwana uku haƙƙi ce da addini ya ba baƙo, ba a sayar da ita. Amma abin da ya wuce wannan na hidima da ajiya mu'amala ce halattacciya, wadda magabata suka ci abinci da ita ba tare da mutuncinsu ya ragu ba.

Da zamani ya juya, hukuma ce ta ɗauki nauyin saukar baƙi a wannan yanki. A mulkin Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka kuma kafa otal na Bagauda a bakin tafki da na Rock Castle a kan dutsen Tiga, da nufin mutanen birni da na ƙetare su zo hutawa, su zarce dajin Falgore kallon namun daji. Niyya ce kyakkyawa, kuma an ci moriyarta shekaru. Sai dai babban gini irin wannan yana bukatar baƙi da yawa kullum da kuma kuɗin gyara marar yankewa, ga shi an kafa shi nesa da unguwa da kasuwa, ta yadda idan hankalin hukuma ya koma wani wuri babu wani magaji da zai ji ciwon tsagewar bangonsa. Yau harabar Bagauda ta zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya.

Alhali kuwa a cikin garuruwan wannan yanki akwai dukiyar da damina ke ci kowace shekara. Ginin ƙasa na magabata hikima ce tsantsa: tubali mai siffar ƙwai da ake jerawa cikin kwaɓaɓɓen birji da ciyawa, bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, rufin azara ta giginya wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, bakan gizo da ke ɗauke da nauyin soro ba tare da ginshiƙi ba, da makuba ta ɓawon ɗorawa da ake shafawa don kare bango daga ruwa. Kaurin bangon yana jinkirta shigar zafin rana, har ɗaki ya wuni da sanyi a tsakiyar bazara, da dare kuma, lokacin hunturu, ya saki ɗumin da ya tara. Amma wannan ni'ima tana da sharaɗi, shi ne yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Idan aka yi sakaci 'yan shekaru, sai katanga ta jiƙe daga tushe, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Ga kuma rabon gado, wanda idan ya faɗo kan gida ɗaya mai magada da yawa yakan ƙare da sayarwa, mai saye kuwa bulo da kwano ne a ransa.

A ganina gidan da ba ya samar da kuɗin yaɓensa ba zai tsira da wa'azin kishin tarihi kaɗai ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a birnin Kano sun tsira domin hukuma ta mai da su gidajen tarihi, amma ba kowane zaure ne zai sami wannan alfarma ba. Da magadan wani tsohon gida a Bebeji ko Tudun Wada za su haɗa kai, ko su mai da shi waƙafi na zuriya, su ware zaure da shigifa da ɗakuna uku ko huɗu, su sa ruwa da makewayi na zamani da lantarki mai aiki da hasken rana ba tare da sun ɓata fasalin ginin ba, da sun sami masu sauka. Akwai malaman jami'a masu bincike, da 'yan kasuwar hatsi, da iyayen ɗaliban Bagauda, da matafiyan da ke karkatawa a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru su nufi Doguwa da duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Ba a rasa masu ƙyamar wannan shawara ba, kuma hujjarsu abar dubawa ce, domin sunan otal ya ɓaci a kunnen jama'a, har ana ganinsa matattarar fasadi. Maganin wannan yana cikin tsarin gidan Bahaushe kansa, wanda ya raba wajen baƙi da cikin gida tun fil azal, ya sa zaure ya zama hijabi tsakaninsu; idan maigida yana zaune a wurin, mai unguwa ya san wanda ya sauka, aka kiyaye hurumin iyali da haƙƙin maƙwabta, to fitina ba ta da ƙofar shiga. Haka nan wajibi ne gida ya zauna a hannun masu shi, gama a Marrakesh baƙi daga Turai sun sayi gidaje da yawa har farashi ya gagari 'yan gari. Batun tsaro ma gaskiya ne, tun da ɓarayin shanu sun taɓa mai da Falgore maɓoya, kuma babu baƙon da zai zo inda ba ya barci da ido biyu rufe.

Abin da ya fi gaggawa shi ne magina. Waɗanda suka iya ɗaurin guga da ɗora bakan gizo sun manyanta, 'ya'yansu sun koma aikin siminti, saboda haka ya kamata hakimai da ƙananan hukumomin wannan yanki su sa a ƙididdige tsofaffin gidajen da suka rage, a nemo dattawan maginan da ke raye, a haɗa su da samari masu koyo a kan aikin gyara na haƙiƙa tun kafin damina mai zuwa.