Doma: Sarki Goma, Zamani Goma

Dattijon da aka haifa a Doma a 1955, ko da bai taɓa kwana a wani gari ba, ya rayu ƙarƙashin tuta biyu da jiha huɗu. An yanke masa cibiya a mulkin Sarauniyar Ingila, cikin Lardin Binuwai na Jihar Arewa. Yana ɗan shekara biyar aka sauke tutar Turawa. A 1967 ya wayi gari ɗan Binuwai-Filato, a 1976 ɗan Filato, ranar 1 ga Oktoba, 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta mayar da shi ɗan Nasarawa. In ya kwance ƙunshin takardunsa, kowane rasit na haraji da irin hatiminsa.

Kakanninsa ma haka suka sha. Alago, masu garin, suna danganta asalinsu da daular Kwararrafa, kuma 'yan'uwa ne ga mutanen Keana mai gishiri. A ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Doma ta riƙa kai gaisuwa Zazzau, alhali maƙwabciyarta Lafiyar Barebari Bauchi take bi. Gari biyu da ɗan kasuwa zai haɗa a yini guda, amma kowanne da inda yake faɗuwa gaisuwa. Daga baya Kamfanin Royal Niger, wanda ya samu izinin mulki a 1886, ya kankane cinikin kogin Binuwai. A farkon 1900 Ingila ta karɓe ragamar, ta damƙa Arewa ga Lugga.

Me ya hana Doma narkewa cikin waɗannan hannuwa? Duk wanda ya zo, buƙatarsa haraji da biyayya, kuma ba ya samun su sai ta fadar Andoma, sarkin garin. Don haka Zazzau ta bar sarautar, Bature ma ya jingina da ita. Harshen Alago da bikin Odu suka ci gaba a inuwarta.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne nisan mai mulki. Da can sai an yi kwanaki a hanyar Zariya, daga baya Makurɗi da Kaduna, sannan Jos. Yau manomin doya da riɗi zai hau acaɓa da hantsi, ya kai kukansa Lafiya, babban birnin jihar, ya dawo ya tarar da tuwon rana bai huce ba.