Majigin Bature, audugar Jazira da fuskokin da ba su da suna

Fim ɗin gajere ne, baƙi da fari, yana ɗan rawa kamar wanda aka ɗauka daga bayan jaki. Wani mutum marar tsawo sanye da fararen kaya ya fito riƙe da sanda mai faɗi, filin ya ɗauki tafi. 'Yan wasan Ingila, waɗanda ya shafe shekara ashirin yana gasa musu aya a hannu, suka taru suka yi masa jinjina sau uku. Ya gyara tsayuwa. Ƙwallon farko ya tare. Na biyu ya zille masa, ya buge sandunan nan uku da yake gadi, shi ke nan ya fita ba ko maki ɗaya. Ranar 14 ga Agustan 1948 ke nan, a filin Oval na Landan, mutumin kuwa Don Bradman ne na Ostareliya, a fitarsa ta ƙarshe a babban wasan kurket na ƙasa da ƙasa. Maki huɗu kacal yake nema matsakaicin cinsa ya cika ɗari cif. Eric Hollies, mai jifan da ya yaudare shi, ya bar shi a kan 99.94. Manyan gwanayen da suka biyo baya a wajen hamsin zuwa sittin suke tsayawa.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, wani na jifa, wani na duka da sanda yana kare sanduna uku da aka kafa a bayansa, wasa ɗaya kuma kan ci kwana biyar. Mai karatu a Mayirno ko Sinnar zai ce, to ina ruwan biri da gada? Nan ƙwallon ƙafa muka sani, Hilal da Marrikh. Gaskiya ne. Sai dai akwai zaren da ya ɗaure mu da wannan wasa, kuma zaren na auduga ne.

Kafin mu kai can, bari in ɗan tsaya kan kallon tsohon fim, don shi ma sana'a ne. A 2014 kamfanin British Pathé ya zuba fina-finansa na labarai kusan 85,000 a YouTube, kowa ya gani kyauta. Matashin da ya saba da kallon wasa daga kamara ashirin zai buɗe ɗaya ya yi dariya: mutane na tafiya kamar kaji, mai jifa kamar ba ƙarfi a hannunsa. Laifin na'ura ne. Fina-finan farko da hannu ake juya su, hoto goma sha shida zuwa sha takwas a daƙiƙa, in aka haska su da saurin zamani sai kowa ya koma ɗan tsana. Kamara guda ce, a can nesa, fim kuma da tsada, mai ɗauka ba ya kunnawa sai ya yi zaton wani abu zai faru. Sau da yawa abin ya faru yana hutawa. Saboda haka mai kallon kirki ba gudun ƙwallo yake bi ba. Ƙafafu yake duba, da yadda kai ke tsayawa cik lokacin da jiki ke motsi, da yadda masu tsaron fili ke ja da baya tun mutum bai ɗaga sanda ba. Tsoron da abokan hamayya ke yi wa gwani ba ya ɓoyuwa ko a fim mai hazo.

Akwai wani ɗan guntu na 1897 da aka ɗauka a Sidini, Yarima Ranjitsinhji na Indiya yana atisaye. Bai kai minti ɗaya ba, amma ya isa ka ga laushin wuyan hannun da Turawan zamaninsa suka yi ta mamaki. Akwai na 31 ga Agustan 1968 a Swansea, inda Garfield Sobers na Barbados ya yi wa Malcolm Nash duka shida a jere, kowanne ya tsallake iyakar fili a sama, maki 36 a zagaye guda. Na biyar ɗin ma an cafe shi, sai mai cafewar ya faɗa bayan layi da ƙwallon a hannu. Sa'a aka ci kamarorin BBC na aiki a lokacin, ba don haka ba da yanzu gardama ake yi a kai. Abin da ya fi burge ni a duk wannan shi ne abin da ke gefen hoton: kowane duka da ranarsa, da sunan mai jifa, da sunan wanda ya faɗi da ƙwallo. Bature bai bar fim shi kaɗai ba, ya haɗa shi da littafin lissafi.

To, mu dawo gida. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, ya zauna a bakin Shuɗin Nil kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Bayansu alhazai masu tafiyar ƙafa suka yi ta zuwa, wasu su yi shekaru suna neman guzuri, wasu su zauna ke nan. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, hannuwan mutanen Yamma, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, suna cikin waɗanda suka haƙa, suka yi noma, suka tsinki auduga a hawasha, wato gonakin wasu, suna kwana a kambo, sansanin leburori, a gefen magudanar ruwa. Jami'an da Ingila ke turowa mulkin Sudan kuwa an san su da abu guda: daga Oxford da Cambridge ake zaɓo su, kuma gwanin wasa ya fi samun shiga. Ita audugar mai dogon zare masaƙun Lancashire ta nufa.

A can Lancashire akwai wani garin masaƙa da ake kira Nelson. Daga 1929 zuwa 1937 ƙungiyar kurket ta garin ta ɗauki hayar wani baƙar fata ɗan Tirinidad, Learie Constantine, jikan bayi, kuma a shekara tara da ya yi sun ci gasar yankin sau bakwai. Ma'aikatan masaƙa kan karɓi ladan mako su biya kuɗin shiga ranar Asabar don su gan shi. Ka nemi fim ɗinsa ka ga yadda yake cafe ƙwallo kamar kyanwa. A 1969 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga Majalisar Dattawan Birtaniya. Nakan kalle shi in ce, ga baƙin mutum ɗaya a ƙarshen zaren an san sunansa da ranar haihuwarsa, ga dubbai a farkon zaren.

Su ma masu tsinkar an ɗauke su a fim, kada a ce ba a yi ba. Fim ɗin They Planted a Stone na 1953, wanda har ya shiga takarar kyautar Oscar, labarin madatsun Nil da noman Jazira yake bayarwa. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen fim a Khartum, motocin majigi na yawo ƙauyuka, kamar yadda aka yi a Kano da Katsina. A irin waɗannan fina-finai za ka ga layin masu tsinka sun sunkuya, ka ga ana auna buhu, ka ga raƙumi da kaya. Murya daga sama tana faɗin faɗin gandu da nauyin amfani. Mutumin da ya ɗago kai ya kalli kamara na daƙiƙa biyu, wa ya san ko ɗan Haɗeja ne ko ɗan Damagaram?

Mu kuwa namu rumbun a baki yake. Shago, yawancinmu ba mu taɓa ganin hannunsa na motsi ba, amma saboda waƙar Ɗan Anace har yaron da aka haifa a bakin Nil ya san akwai wani ɗan dambe da ake shakka, ya san da abokin karawarsa Ɗandunawa. Makaɗi ya ba mu suna da kwarjini, ya hana mu ganin tsayuwar ƙafa. Kamarar Bature ta ba mu jikin kakanninmu ta hana mu suna. Ni dai in za a tilasta mini zaɓi, waƙar zan ɗauka, don jikan mutum ba ya gadon fuska marar suna. Amma ba dole a zaɓa ba.

Ko a ƙwallon ƙafa da muke taƙama da shi, abin da ya rage kaɗan ne. A Khartum aka buga Gasar Kofin Afirka ta farko a 1957, ƙasa uku kacal: Masar, Sudan da Habasha. A Fabrairun 1970 gasar ta dawo, kuma rukuni guda, mai Masar da Ghana da Gini da Kongo Kinshasa, a filin Wad Madani aka buga shi, tsakiyar Jazira. Sudan ta doke Ghana da ci ɗaya a wasan ƙarshe, kofinta guda ke nan har yau. Dattawa na ba da labarin 'yan wasa irin su Jaksa da Ali Gagarin ido na ƙyalli, matasa na gyaɗa kai don ladabi. 'Yan guntayen hotunan da ke yawo a waya ba su isa su raba gardama ba.

Ga kuma yaƙi. Tun Afrilun 2023 ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda babban rumbun sauti da fim na ƙasar yake, ya faɗa hannun dakarun RSF, sai a Maris na 2024 soja suka karɓe shi. Madani ta faɗi a Disamban 2023, aka ƙwato ta a Janairun 2025, ƙauyukan Jazira da yawa sun watse a tsakani. Wanda ya gudu da yara a kafaɗa ba ya tuna akwatin hotuna. Fina-finan Jadallah Jubara, tsohon mai ɗaukar hoto na sashen fim ɗin nan, sun tsira ne don 'yarsa Sara ta haɗa kai da cibiyar Arsenal ta Balin an kwafe su a kwamfuta tun kafin wuta ta tashi.

Roƙona ga matasanmu na Mayirno da Sinnar da kambo-kambon Jazira, da waɗanda gudun hijira ya kai Gadarif ko Kano: wayar da kuke kallon Sobers da ita, ku zaunar da tsoho ku nuna masa tsofaffin fina-finan gandun, a hankali, kuna tsayarwa. In ya gane wuri ko fuska, ku rubuta. Ku tambaye shi wa ya fi kowa kokawa a zamaninsu, wa ke cika buhu kafin azahar, wa ke ƙetare kogi da iyo lokacin cikowa. Ku ɗauki muryarsa, ku sa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garin da suka taso, da ranar da aka ɗauka, sa'an nan ku tura wa ɗan'uwa a wani gari ya ajiye kwafi.