Amana a Cinikin Shanu na Unguwar Sabo ta Ibadan

Unguwar Sabo da ke Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a shekarar 1916, ta daɗe a can baya tana zaman mahaɗar fatauci biyu: shanu na gangarowa daga Arewa, goro kuma yana haurawa daga gonakin ƙasar Yarabawa. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 kuma ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa mafi yawan wannan ciniki bisa bashi yake gudana, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ko jinginar kadara ba.

A wancan zamani, ginshiƙin tsarin shi ne maigida, wato attajirin da ke saukar da falke a gidansa, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗinsa, sa'annan ya haɗa shi da dillali, wanda shi ne mai shiga tsakanin mai kaya da mai saye domin la'ada. Baƙon da ya kawo garke bai san mahautan gari ba, galibi ma ba ya jin harshensu, amma yakan yarda a kora shanunsa mayanka kafin ya ga ko sisi, saboda maigidansa ya tsaya masa lamuni, ma'ana ya ɗauki nauyin biya idan mahaucin ya gaza. Don haka wajibi ne dillali ya san halin kowane mahauci, da yawan bashin da ke kansa, da ko ya taɓa saɓa alkawari. Wanda kuwa aka san ya ci kuɗin mutane, da wuya ya sake samun mai ba shi saniya bashi.

Kuskure ne a ɗauka cewa mutanen wancan zamani sun fi na yanzu tsarkin zuciya. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, an shirya rayuwar unguwar ta yadda ha'inci ke jawo asarar da ta zarce ribarsa. Labarin maigidan da ya riƙe kuɗin baƙo yakan bi fatake har kasuwannin Arewa, kuma idan suka daina sauka a gidansa, arzikinsa ya karye, domin ba shi da wani jari da ya wuce sunansa.

Haka nan ba a raba kasuwa da zaman tare ba. Dillalai da yawa yaran maigida ne, shi ya yi musu aure, da shi suke bin sahu ɗaya a masallaci, musamman bayan ɗariƙar Tijjaniyya ta bazu a unguwar a farkon shekarun 1950. Mutumin da ya yi ƙarya a kan farashin sa da hantsi, da magariba zai haɗu da wanda ya cuta, a gaban surukansa da malaminsa. Sai dai tsarin yana da nasa nauyi, domin yaron da ya saɓa da maigidansa yakan rasa sana'a da matsuguni lokaci guda, ko da shi ne mai gaskiya a rigimar.