Daga Magazin zuwa digiri na biyu: abin da ɗan Tafo ke buƙata kafin ya karanci mutum-mutumi

Duk wanda ya tashi a Tafo ya san Magazin. Daga nan zuwa Suame tafiyar 'yan mintuna ce, kuma da wuya ka sami gida a Zangonmu da babu fitta, ko mai walda, ko mai sayar da kayan gyaran mota a can. Mutanen nan suna kwance inji gaba ɗaya su mayar da shi ba tare da sun duba takarda ba. Shi ya sa idan iyaye suka tambaye ni ko yaronsu zai iya karatun injiniyan mutum-mutumi har digiri na biyu, nakan ce musu rabin aikin yana gida. Ɗaya rabin shi ne lissafi, kuma yawanci tun yaro yana shekara 15 muke barin ya kuɓuce masa.

Bari in fara da sunan, don na ga yana tsorata dattawa. Da an ce mutum-mutumi sai a ɗauka gunki ake sassaƙawa. A duk tsawon karatuna na digiri na biyu ban taɓa haɗa abu mai fuska ba. Abin da muka yi aiki da shi hannun ƙarfe ne mai gaɓoɓi shida, irin wanda ke walda a masana'antar mota, da ƙaramar amalanke mai tuƙa kanta. Jiragen Zipline marasa matuƙi da suka fara kai jini da magani asibitocin Ghana a 2019, su ma 'yan gidan ne. Fatawa ta malamai ce, amma ya kamata a nuna musu ainihin abin kafin a tambaye su. Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a wajen Musulmi: a 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyarbakir, inda ya zana na'urori masu motsi da ƙarfin ruwa, har da mai zuba ruwan wanke hannu.

To me ake karantawa? Ɗauki hannun nan mai gaɓoɓi shida. Kana so bakinsa ya kai wani wuri daidai, ba kuskuren ko da milimita ɗaya. Dole ka lissafa kusurwar da kowace gaɓa za ta juya, kuma sau da yawa amsar ba ɗaya ba ce, wani lokacin ma babu amsa sam. Daga nan sai sarrafawa. Direban trotro da ke gangara daga Pankrono yana taka burki gwargwadon saurinsa da nauyin fasinjojinsa, jikinsa ne ke gaya masa. Na'ura ba ta da wannan jin, sai ka rubuta mata shi da lissafi, ta riƙa auna kuskurenta tana gyarawa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Sannan idanunta da ma'aunanta ba sa faɗin gaskiya tsantsa, kullum da ɗan kuskure, don haka sai ka koyi lissafin yiwuwa ka iya tace abin da suka kawo. Rubuta manhaja da Python da C++ yana biyo baya, kuma wallahi shi ne mai sauƙin. Wanda ya zo da zaton zai wuni da sukudireba a hannu, watan farko yake gane allo da alli ne suka fi yawa.

A nan ne muke yin asara. Yaro ya gama JHS, za a zaɓar masa fannin sakandare, sai a tura shi adabi ko kasuwanci don "shi ne mai sauƙin ci". Alhali ba a shiga injiniya a KNUST sai da kimiyyar fiziks da lissafin zaɓi, wato ilektif. Daga ranar an rufe ƙofar da ba zai san da ita ba sai bayan shekara uku. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 kuɗin makaranta ya daina zama hujjarmu. Abin da ya rage shi ne uba ya zauna ya duba fom ɗin kafin a miƙa, kuma kar a ce 'ya mace ba ta iya ba: 'yan matan Methodist Girls ta Mamfe ne suka ciyo gasar Robofest ta duniya a Michigan ta Amurka a 2019.

Wanda ya riga ya sami digiri na farko a injiniyan lantarki, ko na kanikanci, ko na kwamfuta, shi hanyarsa a buɗe take. Ba sai takardarsa ta ce mutum-mutumi ba. Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, ɗan Accra, lantarkin jiragen sama ya fara karantawa a Landan, ya yi digirin digirgir a Ingila, sannan ya je NASA, inda ya jagoranci aikin hannun kumbon InSight da ya sauka a duniyar Mars a Nuwamban 2018. Shi ne kuma ya kafa Ghana Robotics Academy Foundation a 2011. Dakta Ayorkor Korsah ta Jami'ar Ashesi daga kimiyyar kwamfuta ta taso kafin ta yi digirgir a Carnegie Mellon.

A gida, Ashesi da ke Berekuso ta buɗe digiri na biyu a injiniyan makatironik tare da ETH Zurich ta Suwizalan, kuma makatironik ƙanin wannan fanni ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A KNUST kuwa mutum na iya shiga digiri na biyu na bincike a lantarki ko kanikanci ya karkata aikinsa ga sarrafa na'ura, in ya dace da malamin da ke wannan layin. Malamin nan ya fi sunan jami'a muhimmanci. Karanta abin da ya wallafa kafin ka rubuta masa.

Waje kuma, kar kowa ya sayar da filin gado. Ga mai sakamako mai kyau, karatun nan ana biyansa ne ya yi. Shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ɗauke kuɗin makaranta ya ba ɗalibi yuro 1,400 a wata. Jami'ar MBZUAI ta Abu Dhabi, wadda ta buɗe digiri na biyu da na uku a fannin a 2023, tana ɗaukar nauyin ɗalibanta, haka ma KAUST ta Saudiyya, ga masallaci ga abincin halal, abin da ke kwantar wa iyaye hankali musamman kan 'ya mace. Akwai tallafin gwamnatin Turkiyya, akwai na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi wanda aka ware wa Musulmin ƙasashen da ba mambobinsa ba, irin Ghana. Jamus ce nake jan kunne a kai. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma kafin biza sai ka nuna kusan yuro 12,000 a asusu na shekara ɗaya. Juya shi zuwa sidi ka gani.

Yanzu in koma Magazin, don a can ɗan Tafo ya fi abokan takararsa. Masu tantance takardu sun gaji da karanta "tun ina yaro nake son fasaha". Abin da ke tsayar da idonsu shi ne abin da ka ƙera da hannunka: hoto, gajeren bidiyo, da bayanin inda ya ƙi aiki da yadda ka shawo kansa. A ajinmu akwai waɗanda suka fi ni lissafi nesa ba kusa ba, amma ba su taɓa riƙe abin walda ba, kuma ba su san ƙarfe yana lanƙwasa in ya ji zafi ba sai a littafi. Kai kuwa kawunka yana da injin yankan ƙarfe. Sayi allon Arduino da ƙananan motoci biyu, ka yi shekarar bautar ƙasa kana haɗa abu ɗaya mai amfani, ko da na'urar da za ta riƙa juya koko a tukunya ce kar ya kama. KNUST kanta ta daɗe da gane darajar wurin, tun 1980 ta buɗe cibiyar ITTU a cikin Magazin don haɗa injiniyoyi da masu sana'a.

Su ma masu sana'ar suna buƙatar yaran nan. Motocin da ke shigowa yanzu cike suke da kwamfuta da ma'aunai, masta mai shekara talatin a sana'a sai ya tsaya jiran saurayi mai na'urar gano cuta ya zo ya karanta masa. Masu lantarki kuma suna tafe. Ba zan ce aikin mutum-mutumi yana jiran kowa a Kumasi ba, masana'antun da ke amfani da shi sun fi yawa a Tema da wuraren haƙar zinariya irin Obuwasi. Amma wanda ya iya sarrafa hannun ƙarfe zai iya gyara layin cika kwalba, da injin niƙa, da motar lantarki.

Yawancin shirye-shiryen Erasmus Mundus suna karɓar takardu tsakanin Oktoba da Janairu, na Turkiyya kuma Janairu zuwa Fabrairu. Takardar sakamako daga jami'a da wasiƙun malamai biyu sukan ɗauki makonni, fasfo ma haka, don haka mai niyyar bana ya fara bin su tun watan Agusta.