Kafin ka rufe manhajarka da kwaɗon kyauta, binciki maƙerinsa

Daga ɗaliban KASU da ke kan titin Tafawa Balewa da na Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, zuwa waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, matasan Kaduna da ke koyon rubuta manhaja sai ƙaruwa suke yi. Wani na haɗa manhajar odar abinci, wata na yin ta adashe, wani kuma aikin kammala digiri ne ya sha masa kai. Kusan dukkansu abu ɗaya suke yi idan an zo batun tsaro: su shiga GitHub, su ɗauko laburaren da wani ya rubuta ya bayar kyauta, su liƙa a aikinsu, shi ke nan.

Ɗaukowar ba laifi ba ce. Laburare a nan ba ɗakin karatu ake nufi ba, dunƙulen kod ne da aka riga aka rubuta don yin wani aiki, kuma an bar shi a buɗe kowa ya karanta, ya gyara. Hasali ma masana tsaro sukan gargaɗi ɗan koyo kada ya ƙirƙiro nasa tsarin ɓoye bayanai, domin kuskurensa zai fi yawa. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaukowa ido rufe.

Abin ya fi tsanani a tsarin da ake yayi yanzu, wanda ake kira maikrosabis. Maimakon a gina manhaja dunƙule guda, sai a rarraba ta zuwa ƙananan sassa masu cin gashin kansu: wannan na rajistar masu amfani, wannan na karɓar kuɗi, wancan na aika saƙo. Da haka Netflix da Amazon ke aiki. Ka ɗauke shi kamar layin shaguna a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kowane shago da ƙofarsa. Kowace ƙofa sai ta tantance mai shigowa, kuma yawanci laburare ɗaya ake sa wa dukkansu. Ke nan kwaɗo iri ɗaya ne a shago ashirin. Ranar da ɓarawo ya gano lagonsa, ba shago ɗaya zai buɗe ba.

An ga haka a Disambar 2021, lokacin da aka bayyana ɓarakar da ke cikin Log4j, wani laburare na gidauniyar Apache da manhajojin Java ke amfani da shi wajen ajiye tarihin abin da ke faruwa a cikinsu. Ɓarakar tana nan tun 2013 ba a lura ba. Da ɗan gajeren rubutu kawai mai kutse zai iya sa kwamfutar wani ta bi umarninsa, har ta akwatin hira na wasan Minecraft an gwada an gani. A ma'aunin haɗari an ba ta 10 bisa 10. Kamfanoni da yawa ba su ma san suna da Log4j ba, domin wani laburaren ne ya jawo musu shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me za ka duba kafin ka amince da laburare?

Na farko, su wa ke kula da shi, kuma su nawa ne? Yawan taurari a GitHub farin jini ne kawai, kamar yawan mabiya a TikTok. Duba ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, da ko ana amsa ƙorafin masu amfani. Labarin XZ Utils ya isa darasi. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗawainiya da shi ba tare da albashi ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. A ranar 29 ga Maris 2024 ne Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya tona asirin, bayan ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ka ji fa, rabin daƙiƙa.

Na biyu, tarihinsa. Akwai kundin CVE, inda tun 1999 ake ba kowace ɓaraka da aka gano lamba. Rubuta sunan laburaren ka gani. Kada ka tsorata don ka ga an taɓa samun matsala, babu kod ɗin da ba ya kuskure. Abin dubawa shi ne kwana nawa suka ɗauka kafin su toshe, kuma ko sun faɗa wa jama'a gaskiya. Wanda ba a taɓa jin komai a kansa ba, wataƙila babu wanda ya damu ya bincika shi ne.

Na uku, su wa ya jawo a bayansa? Laburare ɗaya kan dogara da wasu gommai. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye left-pad daga rumbun npm, kod mai layi 11 kacal, sai ga ayyuka masu ɗimbin yawa sun tsaya cak a faɗin duniya. Umarnin npm audit da Dependabot na GitHub za su nuna maka masu rauni a cikin jerin, OpenSSF Scorecard kuma na ba aikin maki kan yadda ake kiyaye tsaro. Duk kyauta ne.

Na huɗu, gwada shi da hannunka. Sassan maikrosabis kan gane mai amfani ne da wani tikiti na kwamfuta da ake kira JWT, mai ɗauke da sa hannu. A 2015 an gano laburare da dama na karɓar tikitin da ya ce shi ba ya buƙatar sa hannu, tamkar mai gadi ya bar ka ka wuce don ka ce masa kai ɗan gida ne. Saboda haka aika tikitin da wa'adinsa ya ƙare, aika wanda ka sauya wa harafi ɗaya, aika na wani mutum daban. Idan ƙofa ta buɗe, ka samu amsarka.

Na biyar, lasisi. MIT da Apache 2.0 sun ba ka damar sa kod ɗin a manhajar kasuwanci cikin sauƙi. GPL kuwa na iya wajabta maka buɗe naka kod ɗin idan ka rarraba manhajar. Gara ka sani tun kafin mai zuba jari ya tambaye ka.

Bayan ka zaɓa ma aiki bai ƙare ba. Kamfanin Equifax na Amurka ya tafka asara a 2017, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 ta wata ɓaraka a Apache Struts, alhali an fitar da gyaranta tun watan Maris na shekarar. Ba su sabunta ba ne kawai. Rubuta jerin duk laburaren da ke cikin kowane sashe na manhajarka, ka ware rana a kowane wata ta sabuntawa.

Kada ka ce ai taka manhajar ƙarama ce, wa zai kula ta? Masu kutse ba sa zaɓe, na'ura suke saki tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet. Kuma tun Yunin 2023 Najeriya na da Dokar Kare Bayanai, wadda ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Doka ba za ta tambayi wanda ya rubuta laburaren a wata ƙasa ba, kai za ta tambaya.

Matar da ke sayar da atamfa a Kawo, da ta ba manhajarka lambar wayarta da ta asusunta, ba ta san GitHub ba, ba ta san Jia Tan ba. Kai ta sani, ƙila ma ta san gidanku. Awa biyu na bincike kafin ka liƙa kod ɗin wani bai kai nauyin zuwa ba ta haƙuri ba.